Likitar da Ta Gano Musayar da Ke Haddasa Sankarar Jini

Jinin ɗan Adam a cikin ɓargo a ke ƙera shi. Can ne a ke yin jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, da fararen ƙwayoyi waɗanda su ke yaƙi da cuta. Wani lokaci ƙwaya guda daga cikin masu haifar da fararen nan takan kauce hanya, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har zuriyarta ta cika ɓargo, ta hana lafiyayyun wuri. Sai mutum ya ɗashe, ya rame, ga kasala da zazzaɓi, wani kuma saifarsa ta kumbura. Wannan ita ce sankarar jini. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa mata suna a 1847 da kalmar da ke nufin farin jini. Amma an fi shekara ɗari bayan haka ba a san abin da ke sa ƙwayar nan ta kauce ba.

Galibin ire-iren ƙwayoyin jiki suna da cibiya, a cikin cibiyar kuwa akwai waɗansu zarurruka da masana ke kira kuromosom. Su ne ke ɗauke da umurnin gado, watau su ke gaya wa ƙwaya aikin da za ta yi, da lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta dakata. Sai a 1956 aka tabbata cewa mutum yana da guda 46, biyu biyu, kashi 23, aka ba su lambobi. A 1960 waɗansu masana biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wani irin sankarar jini mai cin mutum a hankali suna da kuromosom guda wanda ya gajarce. Aka sa masa sunan birnin. Galibin masana suka ɗauka wani yanki nasa ne ya ɓace, kuma suka ce ɓarna ce da cutar ta bari a baya, ba ita ce tushenta ba.

Wadda ta warware wannan al'amari ita ce Dokta Janet Rowley. An haife ta a birnin New York a 1925, ta gama karatun likita a Jami'ar Shikago a 1948. Tana da 'ya'ya huɗu maza, sabo da haka shekaru da yawa kwana uku kaɗai ta ke aiki a mako. A 1961 ta bi mijinta zuwa Oksfod ta ƙasar Ingila, inda ta koyi duban kuromosom da madubin likita. A zamanin nan aikin yana da wuya ƙwarai, gama da yawansu sun yi kama da juna, ba a bambanta su sai da tsawo.

Wajen 1970 masana a ƙasar Suwidin suka samo wani rini wanda in an zuba wa kuromosom sai ratsi-ratsi su fito a jikinsa, kowane da irin nasa, kamar yadda masaƙi ke gane ƙyallensa da jerin ratsinsa. Rowley ta sake komawa Oksford ta koyi wannan dabara. Da ta dawo Shikago sai ta riƙa ɗaukar hoton ƙwayoyin marasa lafiya, ta yanka hoton kowane kuromosom da almakashi, ta jera su biyu biyu bisa teburin cin abinci na gidanta.

A 1972 ta ga abin da ba wanda ya taɓa gani. A cikin wani irin sankarar jini mai saurin kisa, kuromosom na 8 da na 21 sun karye, sun yi musayar gutsure. Wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta ƙi buga labarin, sai a Faransa aka buga shi. Sa'an nan ta juya kan gajeren nan na Filadelfiya, wanda shi ne na 22. Ta duba ƙwayoyin mutum tara, a cikin kowannensu ta tarar ashe yankin bai ɓace ba, yana can manne a gindin na 9. Mujallar Nature ta buga wannan a 1973. A 1977 kuma ta gano musaya ta uku, tsakanin na 15 da na 17.

To, ga inda hujjarta ta ke. In da cutar ce ke farfasa kuromosom, da an ga karayar barkatai, wannan nan, wancan can. Amma sai ga shi kowane irin sankara da tasa musayar, a wuri guda, a cikin mutanen da ba su haɗa dangi ba. Abin da ke maimaita kansa haka ba a ce da shi tsautsayi. Ta tsaya a kan cewa musayar ita ce mafarin cutar, ko da ya ke an ɗauki shekaru kafin sauran masana su yarda.

Bayan 1980 waɗansu suka bi sawunta, suka duba daidai wurin karayar. Misalin abin da suka samu shi ne a yaga wasiƙa biyu, a liƙa kan wannan da gindin waccan, sai ga wata wasiƙa ta uku mai umurnin da ba wanda ya rubuta. Ƙwayar gado mai suna ABL daga na 9 ta haɗu da BCR ta na 22, tare suna ƙera wani sinadari wanda kullum ya ke ce wa ƙwaya ta rabu, ba ya yin shiru. Ba a gadon wannan musaya daga iyaye, ba a kuma ɗaukarta daga wani. A cikin ɓargon mutum ta ke aukuwa bayan an haife shi.

Da aka san mai laifi sai neman abin ɗaure shi. Nicholas Lydon da abokan aikinsa suka harhaɗa wani magani, imatinib, wanda ke toshe sinadarin nan kamar an cusa tsinke a bakin kwado, Dokta Brian Druker kuwa ya fara gwada shi ga marasa lafiya a 1998. Cikin mutum 54 da suka sha isasshen awo, jinin 53 ya koma daidai. Aka yarda da maganin a Amurka a 2001. Dā mai wannan cuta yakan yi shekara 3 zuwa 5 ne bayan an gane ta. Yanzu galibin masu shan maganin a kan kari suna kusan kai tsawon ran sauran jama'a. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ita kuma musayar 15 da 17, likitocin ƙasar Sin sun nuna wani magani dangin bitamin A yana sa ƙwayoyinta su nuna, su daina ɓarna.

Sai dai a lura, sankarar jini iri-iri ce, maganin wannan ba ya yi wa waccan. Shi ya sa a asibitin da ke da kayan aiki, likita yakan ɗebi jini ko ɓargo a duba kuromosom tukuna, kafin ya zaɓi magani. Wannan ɗabi'a daga aikin Rowley ta samo asali. Ya zuwa 1990 an riga an gano musaya fiye da 70 a cikin sankara iri dabam dabam.

An ba ta lambar Lasker a 1998, Shugaba Obama kuma ya rataya mata lambar girmamawa mafi girma ta farar hula a Amurka a 2009. A 2012 ta raba lambar yabo ta ƙasar Japan da Druker da Lydon. Ta rasu a Shikago a watan Disamba na 2013, tana da shekara 88.