Daga Sawakin Zuwa Jidda a Cikin Sambuk

Duk wanda ya fita Jidda ta kudu, ya ratsa Khumra da manyan ɗakunan ajiyarta da jerin tireloli, ya miƙi hanyar Lith, yana bin gaɓar da kakannin Hausawan Hijaz da dama suka fara taka ƙasar Larabawa a kanta. Sambuk ne ya sauke su, jirgin katako mai babban ƙyalle da iska ke turawa.

Tafiya Makka a ƙasa daɗaɗɗiya ce, amma 1903 ta mayar da ita hijira. Da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello ya ƙarasa da sauran jama'ar zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno, wasu kuma suka ce sai Haramaini. Na bayansu suka bi Borno, Wadai da Darfur, ana tafe ana ƙodago. Bayan 1925 mutum kan shekara yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan don tara kuɗin tsallake Bahar Maliya.

A Sawakin, bakin Bahar Maliya, ake rabuwa. Mai takardu da guzuri ya hau jirgi mai inji zuwa tashar Jidda. Talaka kuwa sai ya shirya da mai sambuk, a loda su cikin dare, a sauke su a Lith ko Ƙunfuza, nesa da idon hukuma. In iska ta tsaya, jirgi ya tsaya, ruwan sha na ƙarewa, rana na dukan ka. Wasu ma sun faɗa hannun masu sayar da bayi, don Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962.

Ba su kaɗai suka yi hijira ta teku ba: a 1847 jirgin Philip Laing ya tashi daga Greenock ɗauke da mutanen Sukotlan, ya yi kusan wata biyar kafin ya isa Otago a Niyuzilan. Tasu ta fi nisa ƙwarai, amma cocinsu da wani kamfani sun tanadar musu fili, suka gina Dunedin. Namu babu wanda ya yanka musu ko taku ɗaya. Suka raɓa a unguwannin Jidda irin Karantina da Sabil, ana kiransu Takari, sunan da wasunmu ke faɗa da raini ba tare da sanin wahalar da ke bayansa ba. Wasu jikokin sun sami takardar zama ɗan ƙasa, wasu ko iƙama, wato izinin zama, babu, kuma rusau ɗin 2022 ya share waɗannan unguwanni ya watsa mazaunansu.