Tare ɗan aike a hanya: yadda peftayid ke katse saƙo a cikin ƙwayar halitta

Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwalara ya san yadda ruwa ke ƙarewa a jikin mutum cikin sa'o'i kaɗan. Tushen wannan bala'i ƙanƙane ne ƙwarai. Gubar cutar takan shiga ƙwayoyin halittar hanji, ta kama wani furotin da ake kira furotin G, ta hana shi hutawa. Sai ya yi ta ba da umarni a saki gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin.

Ƙwayar halitta tamkar gida ce mai zaure. Yawancin saƙonnin jiki ba sa kutsawa ciki. Sukan yi sallama ne a bakin ƙofa, wurin wasu masu karɓar saƙo da ke jikin fatar ƙwayar. Jikin ɗan Adam na da irinsu kusan 800. Furotin G shi ne yaron da ke kai saƙon cikin gida. Sassa uku gare shi: alfa, beta da gama. Yana zaune riƙe da sinadarin GDP, da an yi sallama sai ya sake shi ya ɗauki GTP, sassan su rabu su isar da saƙo, sannan su koma su haɗe. Gano wannan ne ya ba Alfred Gilman da Martin Rodbell kyautar Nobel a 1994.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan zamani a bakin ƙofa suke aiki. To, idan ƙofofi da yawa ne ke aiken yaro ɗaya fa, ko kuma yaron ne da kansa ya ƙi zama? Nan ne dabarar peftayid ta shigo. Peftayid gajeren jeri ne na amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. A 1988 Heidi Hamm da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa ɗan guntu mai amino asid 11, wanda aka kwaikwayo daga wutsiyar sashen alfa, yana iya mamaye gurbin da furotin G ke maƙalewa a jikin mai karɓar haske na ido. Idan na gaskiyar ya iso, sai ya tarar an riga shi wuri, saƙo ya mutu a zaure.

Halittu ma sun daɗe da tasu dabarar. Masu bincike a Japan sun samo sinadarin YM-254890 daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, akwai kuma FR900359 da ake samu a ganyen tsiron Ardisia crenata. Dukansu peftayid ne masu siffar zobe, kuma suna hana nau'in furotin G da ake kira Gq sakin GDP, ya zauna daram. Wannan na da muhimmanci ga wani sankaran ido da yawanci kan taso daga lalacewar Gq ko ɗan'uwansa G11. A ɗakin gwaji, FR900359 ya hana ƙwayoyin wannan sankara yaɗuwa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Peftayid ba ya ratsa fatar ƙwaya da sauƙi, jiki kuma na saurin narkar da shi, shi ya sa ake liƙa wa wasu ɗan kitse don su maƙale a fatar su juya ciki. Babbar matsalar kuwa ita ce, Gq ɗin da ke rura sankara shi ne ke taimaka wa jijiyoyin jini su matse, don haka toshe shi a duk jiki kan saukar da matsin jini ƙasa sosai. Aikin da ke gaban masana yanzu shi ne kai maganin ga gidan da ke da cutar kaɗai, a bar 'yan aiken sauran gidaje su ci gaba da hidimarsu.