Komai nisan jifa: Yadda 'yan fim su ka yi ƙaura, su ka dawo gida Kano

A harkar fim ɗin Hausa akwai wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Ka je ka yi shutin ɗin ka a duk inda ka ga dama, Jos ne ko Kaduna ko Abuja, kai ko Dubai ma, amma ranar da darakta ya ce an gama, jakar ka Kano za ta nufa. A nan edita ya ke, a nan situdiyon waƙa ya ke, a nan mai ba ka bashi ya ke, kuma a nan mai bin ka bashi ya ke jiran ka.

Sau ɗaya tak aka nemi karya wannan doka, kuma ba da son ran 'yan fim ba. Yaran da su ka shigo industiri a zamanin YouTube ba su san labarin ba sai a bakin manya. Shi ya sa mu ka ga ya dace mu tuna wa masu karatu yadda aka fita, da yadda aka dawo, da kuma abin da aka tarar.

Idan ba a manta ba, a watan Agusta na 2007 ne wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata jaruma ya bazu a wayoyin jama'a. Ba fim ba ne, ba kuma wani furodusa ya ɗauke shi ba, amma laifin sai ya hau kan kowa da kowa. Gari ya ɗau zafi, masu wa'azi su ka yi ca, 'yan wasa mata da dama su ka daina fita ko da kasuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, sannan aka dakatar da ɗaukar fim a faɗin jihar na tsawon wata shida. Da wa'adin ya cika sai ga sababbin sharuɗɗa: rajistar kowane mutum ɗaya-ɗaya, ofis, jari mai kauri, tantance labari kafin a ɗora kyamara. Ga kuma kotun tafi-da-gidan-ka. A Satumba 2007 aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan sa na 'Bahaushiya'. A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu kan 'Ibro Aloko'. Ranar 30 ga Disamba na wannan shekarar kuma aka yanke wa Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama wata uku da tara kan fim ɗin sa 'Tsintsiya', hukuncin da babbar kotu ta soke a 2009.

A yi adalci, ba kowa ne ya ga laifin hukumar ba. Iyaye da yawa sun yi murna, domin wasu raye-rayen na lokacin ko ɗan fim mai mutunci ba ya iya kallon su tare da surukar sa. To amma an ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya fi shan wahala a lokacin ba mai rawar ba ne, yaro ne mai riƙe fitila, da mai kwalliya, da matar da ke dafa abincin lokeshin, waɗanda in ba a fita aiki yau ba, tukunya ba ta hawa wuta gobe.

Sai aka fara haɗa kaya. Wasu su ka nufi Kaduna, wasu Jos, wasu ƙalilan Abuja. Waɗannan garuruwa ba baƙin harkar ba ne. Daga Kaduna Yakubu Lere ya shirya 'Wasila', fim ɗin da ya girgiza kasuwa a 2000. Jos kuwa can ne hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa, ga su Alhaji Sani Mu'azu da kayan aiki na zamani, ga duwatsu da sanyi da kyamara ke so. An karɓi baƙi hannu bibbiyu, kuma duk mai gaskiya zai yarda cewa zaman ya yi wa wasu rana: sun ga yadda ake saita haske, sun koyi ɗaukar sauti, sun gane cewa rubutun labari sana'a ce mai zaman kan ta.

Amma fa zaman otal ba zaman gida ba ne. Furodusan da a Kano zai ɗauki fim a gidan ƙanen baban sa kyauta, ya ari motar abokin sa, ya kira 'yan unguwa su cika masa taron biki a kan farantin shinkafa, a can komai sai ya sa hannu a aljihu. Ɗaki kuɗi, gida kuɗi, 'yan rakiya kuɗi. Kuma bayan duk wannan, in an gama haɗa fim ɗin, ina za a kai shi? Kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, wato dai Kano. A can manyan 'yan kasuwar kaset da sidi su ke, daga can ake ɗaure kaya zuwa Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, har Agadas da Kumasi. Kai ka gudu, amma fim ɗin ka dole ya shiga garin da ka guda, ya kuma bi ta gaban hukumar da ka guje wa. Wannan shi ne abin da ya hana ƙaurar zama ƙaura ta gaskiya. Jiki ya na Kaduna, ciki ya na Wambai.

Hanyar gida

Duk wanda ya yi zirga-zirgar waɗannan shekaru ya haddace hanyar kamar karatun allo. In daga Kaduna ka taso, ka wuce Zariya, ka wuce Tashar Yari, da ka iso Kwanar Ɗangora sai ka ji kafaɗun ka sun sauka. In daga Jos ne, sai ka ratsa dajin Falgore ka na addu'a, ka fito Tudun Wada ka na hamdala. Daga nan sai gonakin shinkafar Kadawa da Kura, kore shar ko da rani, sai kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Kafin ka ankara ga Na'ibawa, ga hayaƙi, ga oda ta ko'ina, ga ɗan kamasho ya na buga bayan mota. Wannan hayaniyar da baƙo ke toshe wa kunne, ita ce ke sa Bakano murmushi shi kaɗai a kujerar baya.

Mu mutanen yamma tamu hanyar daban ce, kuma ba kasafai ake ba da labarin mu ba. Ni ɗan Mainika ne, a ƙaramar hukumar Gwarzo, kuma na san samarin yankin mu da dama, daga Getso da Kutama da Lakwaya har zuwa Kabo, waɗanda fim ya ja su birni. Mu a gidan kallo mu ka fara sanin Kano, a kan benci, janareta ya na kuka a bayan zana. Kafin ƙafar mu ta taka birnin mun riga mun ga Dutsen Dala da ganuwa da Gidan Makama a talbijin, mun san muryar Ibrahim Mandawari, mun haddace 'Sangaya'. Da yawan yaran nan ba su zama taurari ba, kuma ba za ka ga hoton su a fosta ba. Su ne masu tura baron sidi, masu manna fosta da koko, masu ɗaukar jakar kyamara. Lokacin da aka rufe harka ba su da kuɗin motar Jos. Ƙauye su ka koma, su ka ɗau fartanya.

To ka tambayi irin waɗannan me ake nufi da dawowa. Mutum ya na gona sai wayar ogan sa ta shigo, a ce gobe akwai aiki. Da asuba ya fito titi, ya hau motar Gwarzo, a wuce Rimin Gado, a wuce barikin Janguza, ga sabuwar jami'ar Bayero, sai tashar Rijiyar Zaki. Daga nan zuwa Kabuga mutum ya riga ya manta da ciwon bayan sa. Abin mamakin shi ne, shi wannan yaro gida biyu gare shi. In ya na Kano, Mainika ce gida, can iyaye su ke, can za a yi Sallah. In ya kwana goma a Mainika kuma sai ka ji ya na cewa zai koma gida ya ga abin da ake ciki. Kano ta iya wannan satar zuciya, ba ta kuma tambayar ka takardar haihuwa. Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi, a Jos ya yi jami'a, amma wa zai ce masa ba ɗan Kano ba?

Ranar 29 ga Mayu, 2011, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo kujerar gwamna, shugabancin hukumar tace finafinai ya canza, sai 'yan gudun hijira su ka fara dawowa, wasu a fili, wasu a saɓe kamar ba su taɓa tafiya ba. Ba a yi wani biki ba, ba a yanka sa ba. Alamar kawai ita ce Titin Gidan Zoo ya sake cika. Ofisoshin da gizo-gizo ya yi wa saƙa aka share su, kiɗan fiyano ya dawo ya na fitowa ta tagogin situdiyo, motoci su ka sake yin layi a bakin titi bayan la'asar.

Wanda bai zauna a Zoo Road da yamma ba, bai san industiri ba. Nan ne majalisa, nan ne kotu, nan ne gidan rediyo. Ka sauko daga mota da ƙurar hanya a gira, tun kafin ka ajiye jaka an fara: "Oga, saukar yaushe?" "Yallaɓai, an dawo lafiya? Ya mutan Jos?" "Alhaji, ka yi ƙiba fa, ko sanyin ne?" Wani ya jawo maka benci, wani ya aika a sayo gurasa bandashe da ƙuli da mai, mai shayi ya riga ya san yawan sukarin ka bai tambaya ba. Cikin awa ɗaya za ka ji wanda ya yi aure, da wadda ta fito, da fim ɗin da ya ci kasuwa, da wanda ya kwanta da kuɗin mutane. Rabin labarin ƙarya ne, kowa ya sani, amma a Kaduna ko ƙaryar ma sai ka sayi kati ka kira kafin ka ji ta. Kuma a kan wannan bencin ake ƙulla aiki. Marubuci ya ba da labari a baki, furodusa ya ce ya saya, a kira jarumi a waya, kafin sallar isha an sa ranar fita. Ba takarda, ba lauya. Wannan ɗabi'a ta jawo rigingimu ba adadi, ba na kuma yabon ta, sai dai ita ce ta sa garin ya ke da daɗin aiki.

Abin da aka tarar

Sai dai gidan da aka dawo ba shi ne wanda aka bari ba. Ba a yi shekara da dawowa ba sai ga harin bama-bamai na ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, wanda ya ci rayuka masu yawa ya kuma jawo dokar hana fita. Shutin ɗin dare ya gagara, mai ɗauke da jakar kyamara ya zama abin tuhuma a shingen bincike. A Janairu 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, A Daidaita Sahu ta gaje titi. Shekarar 2014 kuwa ta tafi da mutum biyu da Kano ba ta saba rayuwa babu su ba: Mai Martaba Sarki Alhaji Ado Bayero a watan Yuni, da Ibro a watan Disamba. Allah ya jiƙan su da rahama.

Ita ma kasuwar da ta jawo kowa gida, a hankali ta zame daga hannu. Masu satar fasaha su ka yi mata illa, finafinan Indiya masu fassarar Hausa su ka cinye sauran, sannan 'yan dawunlodin su ka zo su na tura wa mutum fim goma a waya da kuɗin da bai kai na sidi ɗaya ba. Shagunan Wambai da aka san su da kaset su ka koma sayar da wasu kayan. Tsofaffin silimu irin su El-Dorado da Plaza da Orion da Marhaba, inda ake gwada farin jinin fim kafin ya shiga kasuwa, sun zama labari. A 2016 aka yi shelar gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, surutu ya yi yawa, gwamnatin tarayya ta janye. Yaran mu masu baron sidi su aka fara sallama, kuma a wannan karon ba wayar da ta sake kiran su. Wasu sun koma tuƙin A Daidaita, wasu gyaran waya a Farm Centre, wasu kuma su na Mainika su na noman masara.

Da a ce kasuwar sidi ce kaɗai ta riƙe 'yan fim a Kano, da yanzu an watse, tunda YouTube ba ta san Wambai ba, daga ko'ina ka na iya ɗora fim. Amma duba inda akasarin masu dogon zango su ke zaune. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ɗauki 'Daɗin Kowa' a Jos, amma 'Kwana Casa'in' a Kano aka yi shi. Malam Aminu Saira ya fito da 'Labarina' a 2020 daga Kano. Garin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi 'Turmin Danya' a 1990, garin da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood a 1999, har yau shi ne inda sabon yaro ke sauka da 'yar jakar sa in ya na son a san shi.

Ita ma tsohuwar rigimar ba ta mutu ba, ta dai canza kaya. A 2023 ɗan fim ne, Abba El-Mustapha, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ɗora a kan kujerar da Malam Rabo ya zauna. A watan Mayu na 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22 kan rashin kai su tantancewa, ciki har da 'Labarina' da 'Daɗin Kowa'. An yi ta ce-ce-ku-ce a Facebook, an yi fushi, an yi habaici. Amma ba a ga ayarin motoci sun nufi Kwanar Ɗangora ba. Furodusoshi sun saka manyan riguna, sun tafi ofishin hukumar an zauna, da yamma kuma kowa ya dawo bencin sa na Zoo Road ya na ba da labarin yadda aka yi.