Ko Ka Sani? Injin da Ake Sassaƙa Sandar Wasan Ful

Sandar wasan ful, wasan nan na tebur da ƙwallaye wanda a Najeriya akasari ake kira sunuka, katako ce, amma ba injin kafinta ne ke fitar da ita ba. Masu ƙera ta a Amurka, inda sana'ar ta fi ƙarfi, injin juyi irin na masu aikin ƙarfe suke nema, ko wanda aka gina musamman a kan tsarinsa. Dalili shi ne saiti. A injin juyi na katako, hannun mutum ke riƙe da wuƙar sassaƙa, hannu kuwa yana rawa. A na ƙarfe, wuƙar tana ɗaure a kan keken da ke bin gadon injin, ana matsar da ita da awon da ya kai kashi ɗaya cikin dubu na inci.

Sandar da aka saba tana da tsawon inci 58, nauyinta tsakanin oza 18 da 21. Gida biyu ce, kowane wajen inci 29, ana haɗa su da sukuru a tsakiya. Bakinta bai wuce milimita 13 ba, gindinta kuma ya kai kusan milimita 32. Waɗannan alƙaluma su ke zaɓa wa maƙeri inji. Dole gadon ya ɗauki rabin sanda har da saura, shi ya sa ake son mai inci 36 ko 40 tsakanin kai da wutsiya.

Abin da ya fi tsawon gado muhimmanci shi ne ramin da ya ratsa kan injin. Aikin mahaɗa, wato huda rami da yanka zaren sukuru, a ƙarshen katakon ake yin sa, don haka sai an zura sandar ta cikin ramin nan, ɗan guntu kawai ya leƙo. In ramin bai kai milimita 35 ba, gindin sanda ba zai wuce ba, kuma komai kyan injin, rabin aikin ya gagara. Tsofaffin injuna da yawa masu inganci a nan suke faɗuwa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai manyan injunan ƙarfe irin su Clausing da South Bend, masu nauyin da ke shanye girgiza, sai dai suna cin wuri kuma sai an yi musu gyare-gyare. Akwai kuma na musamman, kamar Cue Smith na Chris Hightower da injunan Joe Porper, waɗanda ke zuwa da kayan sana'ar a jiki. Ƙananan cikinsu na gyara ne kurum: canza fatar baki, sa farin zoben da ke ƙarƙashinta, goge datti. Masu gyara kan ɗauke su zuwa wuraren gasa. Wanda ya sayi irin wannan da niyyar ƙera sanda daga ɗanyen katako ya yi asarar kuɗinsa.

Sayen inji somin-taɓi ne. Ana ƙara masa baki na biyu mai haƙoran riƙo a bayan kai, don sandar ta samu riƙo a wuri biyu, kada jelarta ta yi ta kaɗawa. Haƙoran ƙarfe suna cizon katako, saboda haka ake sa wa sandar zoben roba mai tauri kafin a matse. Sai agogon awo, wanda allurarsa ke nuna ko katakon na juyawa a tsakiya. Kuskure ƙanƙani a mahaɗa kan bayyana da zarar an mirgina sandar a kan tebur, bakinta ya riƙa ɗagawa yana sauka.

Sirancewar sandar daga gindi zuwa baki ba da wuƙa tsayayya ake yin ta ba. Siririn katako yakan lanƙwashe in an danna shi, don haka ake ɗora ƙaramin injin rauta a kan keken, haƙorinsa na gudu yana aske katakon ba tare da matsi ba. Wata doguwar sandar ƙarfe a bayan gadon ita ke yi masa jagora, kuma siffarta ce ke komawa jikin katakon. 'Yan ful da yawa sun fi son gaban sanda ya tafi da kauri kusan ɗaya na wajen inci 12 kafin ya fara buɗewa, saɓanin na ainihin wasan sunuka, wanda ya bambanta da ful, da ke buɗewa tun daga baki. A yau wasu sun bar wa kwamfuta wannan jagoranci.

Gaban sandar ful akasari da itacen mapul mai tauri ake yin sa, na arewa maso gabashin Amurka da Kanada. Ba a aske shi a zama ɗaya. Akan cire kaɗan, a rataye shi makonni ya huta, a sake cirewa, har watanni su shuɗe, domin katako yana motsi duk lokacin da aka rage shi. Wanda ya karkace a hanya sai a jefar.

Injin kuma yana bukatar na'urar juyawa mai sauya gudu, domin naɗa zaren lilin a mariƙa sai a hankali, gugar ƙarshe kuwa da sauri. Sai na'urar zuƙe ƙura kusa da rauta, saboda ƙurar wasu itatuwan ado irin su kokobolo tana jawo ƙaiƙayin fata da matsalar numfashi.