Shin Ko Kun San? Yadda Masu Nazarin Halayyar Ɗan Adam Ke Tsare Kansu Daga Ruɗi

Shin ko kun san cewa ilimin halayyar ɗan Adam bai cika shekara 150 da samun ɗakin gwaje-gwaje na kansa ba? A 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe na farko a Jami'ar Leipzig da ke Jamus. Kafin nan maganar tunani tana hannun masu falsafa, kowa da hujjarsa ta fatar baki. Wundt ya shigo da agogo cikin lamarin: a kaɗa ƙararrawa, a auna lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya danna maɓalli.

Shin ko kun san doki ne ya koya wa masanan nan ɗaya daga cikin manyan darussansu? A farkon ƙarni na 20, wani malamin lissafi a birnin Balin mai suna Wilhelm von Osten yana da doki da ake kira Hans Mai Wayo. In aka ce masa uku a tara da biyu, sai ya buga ƙasa da kofato sau biyar ya tsaya. A 1904 kwamitin mutum 13, har da likitan dabbobi a ciki, ya bincika ya ce babu coge. Kuma ba su yi ƙarya ba, domin mai dokin bai yi niyyar yaudarar kowa ba. Sai Oskar Pfungst ya zo ya sauya tsari. Wani lokaci mai tambaya ya san amsa, wani lokaci bai sani ba. Wani lokaci dokin yana ganinsa, wani lokaci an kare masa ido. Da zarar mai tambaya bai san amsa ba, ko dokin ba ya ganinsa, sai lissafi ya wargaje. Ashe jikin mutum Hans ke karantawa. Mai tambaya kan ɗan sunkuya yana kallon kofato, in bugun ya kai adadin da yake jira sai ya ɗago kai kaɗan, bai ma san ya yi ba, dokin kuma ya tsaya. Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, Pfungst da kansa, bayan ya gano sirrin, ya riƙa ba dokin wannan alama ko da ya ƙudurta ba zai bayar ba. Sanin tarkon bai hana shi faɗawa ciki ba, shi ya sa masana suka daina dogara da kyakkyawar niyyar mai bincike kaɗai.

Ɓeraye ma sun ba da tasu shaidar. A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode sun raba wa ɗalibai ɓeraye iri ɗaya, amma suka ce wa wasu nasu haziƙai ne, wasu kuma nasu daƙiƙai ne. Da aka zo koyon fita daga hanya mai lauje-lauje, ɓerayen da aka yi wa laƙabin haziƙai suka fi ƙoƙari. Bambancin daga hannun ɗaliban ya fito. Irin wannan ne ya sa a gwaji mai inganci, musamman gwajin magani, ake rufe wa ɓangarorin biyu ido: wanda ake gwadawa bai san rukunin da yake ba, mai auna shi ma bai sani ba.

Shin ko kun san yadda aka jefa tambaya na iya sauya abin da mutum zai rantse ya gani? A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka ragargaji juna sun ce mil 40 da ɗoriya a awa. Waɗanda aka ce wa lokacin da suka taɓa juna sun tsaya kusa da mil 32. A gwaji na biyu da aka yi da wasu ɗalibai, bayan mako guda, an tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya mai zafi, 16 suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 ne. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Ya kamata alƙali da ɗan sanda da ɗan jarida, da duk mai sasanta rigima, su riƙe wannan da kyau.

To, su wa ake gwadawa? Wani bincike na 2008 da Jeffrey Arnett ya yi kan manyan mujallun fannin ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka gwada sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kacal na al'ummar duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. A nan ina ganin akwai rashin adalci, domin a ƙarshe sai a rubuta "ɗan Adam" kamar an tambayi kowa. Dubi gwajin alewa da Walter Mischel ya shahara da shi a Jami'ar Stanford: a ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya yi haƙuri bai ci ba zai samu biyu. Da Bettina Lamm da abokan aikinta suka kai gwajin wa 'ya'yan manoman Nso na Kamaru, suka sa fanke a madadin alewa, kusan kashi 70 cikin 100 na yara masu shekara huɗu sun jira minti goma cur. Takwarorinsu na Jamus kashi 28 ne suka iya. An fitar da sakamakon a 2017.

Shin ko kun san masanan sun taɓa kai kansu gaban shari'a? A 2015 masu bincike 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek sun maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga. A karon farko 97 daga ciki sun ba da sakamako mai ƙarfi. Da aka sake, kusan kashi 36 cikin 100 ne suka tsaya da ƙafarsu. Daga cikin dalilan akwai gwada mutane 'yan kaɗan, da juya alƙaluma har sai wani abu ya ɓullo, da kuma ɗabi'ar mujallu ta ƙin buga binciken da bai gano komai ba. Na jinjina musu da suka fito fili suka faɗa. Yanzu mujallu sama da 300 suna karɓar wani tsari da mujallar Cortex ta fara a 2013: mai bincike ya miƙa tambayarsa da hanyar da zai bi tun kafin ya gwada mutum ko ɗaya, in tsarin ya gamsar da masu tantancewa sai mujalla ta ɗauki alkawarin bugawa, ko sakamako ya zo yadda ya zata ko bai zo ba.