Uwargida da Kwamfutar Gida: Kafin a Kai wa Mai Gyara

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta daina zama kayan ofis kawai. A Babura, inda aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021, ba abin mamaki ba ne a ga iyaye sun ƙuƙuta sun saya wa yaro laftof, ko da ta hannu ce. Maigida na kasuwa, yara na makaranta. Ke nan uwargida, ke ce mai wuni da ita.

Babbar abokiyar gabarta a ƙasarmu ita ce ƙura. Akwai 'yar fanka a cikinta da ke fitar da zafi ta wasu ƙananan ƙofofi a gefe ko a ƙasa. Ƙurar hunturu kan toshe su, sai zafin bazara ya zo ya tarar da ita ba ta numfashi. Idan kika ji fankar na ƙugi, ko na'urar na mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, to zafi ne. Ki hana yara ɗora ta kan katifa, filo ko darduma. Tebur ya fi, in babu ko faranti mai faɗi ya wadatar. A goge ƙofofin da busasshen buroshi, a kuma rufe ta da kyalle bayan ta huce. Ruwa kam kada ya kusance ta, balle kofin kunun yara.

Sai wuta. Da an ɗauke ki zare caja daga soket, domin dawowarta da ƙarfi ke ƙona kaya. Haka in hadari ya taso da walƙiya.

Idan ta ƙi kamawa, kada hankalinki ya tashi. Ki cire caja, da batir in mai fita ne, ki danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ki mayar ki gwada. Sau da yawa ma cajar ce ta lalace, a aro ta maƙwabta irinta sak a gani.

Masu jona intanet daga wayar hannu kuwa, a garuruwan bakin iyaka irin namu waya kan kama layin Nijar ba da sanin mai ita ba. A shiga saitin waya a zaɓi layin gida da hannu.

In abin ya gagara dole a nemi mai gyara, amma 'yar uwa a nan ne ake sakaci. Kwamfutar gida cike take da hotunan biki da na suna, wasu ba mayafi, ga takardun makarantar yara. Ki sa a riƙa kwashe su a filash tun na'urar na da lafiya. Ranar kai ta gyara maigida ko babban ɗa ya tsaya a yi a gabansa, in kuwa za ta kwana, a roƙi mai gyaran ya cire hadis ɗin da ke ɗauke da bayanan a dawo da shi gida.