Allurar Ƙyanda ta Biyu: Me Ya Sa Ɗaya Ba Ta Wadatar Ba?

A zangunanmu na Salaga, Yendi da Bawku, mun saba ganin uwa tana kai jaririnta awo babu fashi har ya cika wata 9, a yi masa allurar ƙyanda, daga nan sai a ninke kati a jefa ƙasan akwati. Alhali kuwa tun shekarar 2012 hukumar lafiya ta Ghana ta ƙara allura ta biyu a wata 18. Dalilin wannan ƙari yana cikin jinin yaro.

Allurar ƙyanda tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Idan ta shiga jiki, sai jiki ya ƙera wasu sinadarai na garkuwa, waɗanda ke damƙe ƙwayar ta gaske duk ranar da ta kawo farmaki. Masana suna iya auna yawansu a jini, kuma sun tabbatar cewa wanda garkuwarsa ta kai wani mizani ba kasafai cutar ke kwantar da shi ba.

To, amma jariri yakan zo duniya da garkuwar aro daga mahaifiyarsa. Wannan rahama ce daga Allah, sai dai tana zagwanyewa cikin watanni, kuma ragowarta kan kashe ƙwayar allurar tun jiki bai koyi darasin ba. Shi ya sa cikin yara 100 da aka yi wa allura a wata 9, kimanin 85 ne take kamawa. Sauran 15 suna da kati, amma ba su da kariya, kuma babu mai gane su da ido. Allura ta biyu ce ke ceto mafi yawansu.

Ba kowace allura ce haka ba. Ta zazzaɓin shawara guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013. Ita kuwa ƙyanda, mutum guda na iya harbar 12 zuwa 18 cikin marasa kariya, a taron suna, a makarantar allo ko a kasuwa. Mun ga haka a farkon 2023, lokacin da allurai suka yi ƙaranci, cutar ta ɓulla a arewacin Ghana.

Saboda haka, ya ku magidanta da iyaye mata, mu fito da katunan nan mu duba. Yaron da ya wuce wata 18 bai sami ta biyu ba, har yanzu ana iya yi masa. 'Ya'ya amana ce a wuyanmu. Allah Ya ba mu ikon saukewa, amin.